Neman nakiya a ƙarƙashin teku: na'urar AUV, sona da ake ja, jirgin farauta ko masu nutso?

A ranar 14 ga Afrilu, 1988, jirgin yaƙin Amurka USS Samuel B. Roberts ya ci karo da nakiya a Tekun Fasha. Tsohuwar ƙira ce, zanenta tun na 1908, kuma kuɗinta bai kai dala 2,000 ba. Ta huda jirgin, ta karya masa ƙashin baya, gyaransa ya lashe kusan dala miliyan 90. Bayan shekara uku, ranar 18 ga Fabrairu, 1991, USS Tripoli da USS Princeton suka gamu da irin wannan ƙaddara a rana ɗaya, 'yan awanni tsakani. Mai dasa nakiya yana kashe kaɗan, mai nemanta yana kashe da yawa, kuma ba sai ta fashe take yin aikinta ba. Jita-jitar cewa akwai ta ma ta isa ta tsayar da tashar jiragen ruwa cik, domin kamfanonin inshora ba sa jiran su ji ƙara kafin su ninka kuɗinsu.

Wannan rubutu na wanda nauyin zaɓi ya hau kansa ne: rundunar sojan ruwa mai ƙaramin kasafi, hukumar da ke kula da tasha, ko kamfanin da zai shimfiɗa bututu ko waya a inda tsofaffin makaman yaƙi suke kwance. Kowa yana jin labarin na'urar nutso mai sarrafa kanta, wadda ake kira AUV, kuma 'yan kasuwa suna tallata ta kamar ita ce ƙarshen magana. Ni ina ganin ita ce mafi kyawun ido da aka taɓa sakawa a cikin ruwa don wannan aiki. Amma ido ce, ba hannu ba ce, kuma wanda ya saye ta bai gane haka ba zai sha mamaki ranar da buƙata ta taso.

Aikin kansa

Kawar da nakiya mataki huɗu ne. Na farko ganowa: sona ta aika sauti, ta saurari amsa-kuwwa, ta nuna akwai wani abu a ƙasa. Na biyu tantancewa: shin siffarsa da girmansa da inuwarsa sun yi kama da nakiya? Na uku tabbatarwa, inda dole kyamara ko idon mutum ya je kusa ya gani. Na huɗu lalatawa. Mafi yawan lokaci ba a matakin farko yake ƙarewa ba, a na biyu da na uku ne, saboda ƙasan teku cike take da duwatsu, gangunan ƙarfe, tsofaffin anga da tayoyi, kuma kowannensu yana iya shiga hoton sona da kamannin nakiya.

Su ma nakiyoyin ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai anga, wadda ke rataye a tsakiyar ruwa da igiya, tana jiran jirgi ya taɓa ƙahonninta. Akwai ta kwance a ƙasa, wadda ba ta buƙatar taɓawa: tana jin maganaɗisun ƙarfen jirgi, ko ƙarar injinsa, ko canjin matsin ruwa idan ya wuce. Wasu ma ana saita su su ƙirga jirage, su bar na farko da na biyu su wuce lafiya. Manta, ƙirar Italiya da ta lahanta Princeton, an yi jikinta da robar gilashi, da siffar da ke sa sauti ya zame a kanta. Akwai wadda laka ko yashi suka binne, sai kuma wadda ta tsinke tana yawo a saman ruwa, irin waɗanda suka addabi Bahar Aswad tun 2022.

Ma'aunan da za a bi

Kafin ka buɗe takardar farashin kowane kamfani, ka amsa tambayoyi shida.

Wane irin ruwa gare ka? Sojan ruwan Amurka sun raba shi kamar haka: daga gaɓa zuwa zurfin mita 3 wurin karyewar raƙuman ruwa ne, mita 3 zuwa 12 ruwa mara zurfi sosai, mita 12 zuwa 60 matsakaici, abin da ya haura haka mai zurfi. Bayan zurfi sai yanayin ƙasa. Yashi mai santsi abokin sona ne. Duwatsu, ciyawar ruwa da taɓo abokan nakiya ne.

Kwana nawa za ka iya jira? Abin aunawa shi ne lokaci daga fara aiki zuwa sa'ar da wani jami'i zai sa hannu ya ce hanya ta buɗe, ba gudun na'ura a cikin ruwa ba.

Yaya kaifin ganin kayan? Hoto mai kaifi yana rage yawan abubuwan da za a koma a duba, kuma nan ne ake cin ribar lokaci.

Mutum nawa za su shiga filin nakiya da jikinsu? A wurina wannan ma'auni ya fi sauran nauyi.

Sai kuɗi, na saye da na riƙo, sannan ƙarko da sauƙin aiki: wa zai gyara, a ina, cikin wata nawa.

Zaɓi na 1: ƙaramar AUV da mutum biyu ke ɗauka

Wadda ta fi suna a wannan rukuni ita ce REMUS 100, wadda aka ƙirƙira a cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka. Tsawonta kimanin mita 1.6, kaurinta santimita 19, nauyinta bai kai kilo 40 ba, tana nutsewa har mita 100. Sojan ruwan Amurka sun yi aiki da ita a tashar Umm Kasar ta Iraƙi a 2003, a ruwa mai dauɗa da mai nutso ba ya ganin tafin hannunsa. Akwai takwarorinta irin su Gavia da Iver. A Agustan 2022 Birtaniya ta ba Yukiren ƙananan na'urori shida na wannan aji, kuma dalilin a fili yake: ana koyon aiki da su cikin makonni, ana ɗaukarsu a bayan mota, ana jefa su daga kwale-kwalen roba.

Yadda take aiki kuwa, ana zana mata hanya a kwamfuta, ta nutse, ta riƙa kai da komowa a layuka madaidaita 'yan mitoci sama da ƙasa, sonar gefenta tana ɗaukar hoto dama da hagu. Bari mu yi lissafi mai sauƙi. Idan tana gudun kilomita 5.5 a awa, tana ganin mita 30 a kowane gefe, za ta share kusan kashi ɗaya cikin uku na murabba'in kilomita a awa. A takarda ke nan. A aikin gaske akwai makafin wuri a daidai ƙarƙashin cikinta, inda sonar gefe ba ta gani, don haka dole layuka su hau kan juna, abin da aka share ya ragu sosai. Batirinta kan kai awa 8 zuwa 12 idan sona na kunne.

Raunin da ya fi damuna shi ne sanin wuri. Siginar GPS ba ta ratsa ruwan gishiri. Da zarar ta nutse sai ta dogara da lissafin motsinta da kuma na'urar da ke auna gudunta a kan ƙasa da sauti, kuma kuskure yana taruwa a hankali. Idan ta ce abu yana nan alhali yana mita 20 gefe, mai nutso zai ƙarar da iskarsa yana laluben duhu. Ana magance wannan da dasa turakun sauti a ruwa, ko sa ta riƙa leƙowa sama, ko sayen na'urar lissafin motsi mai tsada. Kowanne da farashinsa: turakun wani ne zai je ya dasa su kusa da haɗari, leƙowa sama kuma yana cin lokaci yana jawo karo da jirage.

Sai magana ta biyu: ba ta ba ka hoto tana cikin aiki. Saƙon sauti a ƙarƙashin ruwa ɗan siriri ne, ya isa ta ce ga ni nan, batirina kaza, amma bai isa ya ɗauko hotunan sona ba. Sai ta dawo an zazzage bayanai, wani ya zauna ya duba, kuma dubawar kan ɗauki kusan tsawon lokacin da aikin ya ɗauka. Igiyar ruwa mai ƙarfi tana karkatar da ita ta ɓata hoto. Ragar masunta kuma babbar abokiyar gabarta ce.

Kuɗinta yana cikin ɗaruruwan dubban daloli, yana iya haura miliyan idan aka ƙara mata kayan sanin wuri masu kyau. Tana da ƙarko idan ana wanke ta da ruwan daɗi, ana duba robobin da ke hana ruwa shiga. Idan ta ɓace, an yi asarar kuɗi, ba a yi jana'iza ba.

Zaɓi na 2: matsakaiciya da babbar AUV

Nan ne fasahar ta nuna kanta. REMUS 600 tana da kaurin santimita 32, nauyi kimanin kilo 240, zurfi mita 600. HUGIN, wadda kamfanin Kongsberg ya haɓaka tare da cibiyar binciken tsaro ta Norwe tun shekarun 1990, ta fi ta girma, akwai samfuran da ke kai mita 3,000 har 6,000. Faransa tana da A18-M ta kamfanin Exail. Irin waɗannan suna iya yin kusan kwana guda a ruwa ba tare da sun fito ba.

Amma ba girma ake saya ba, sonar da girman ya ba damar ɗauka ake saya. Ana kiranta SAS. Sonar gefe ta yau da kullum hotonta yana dusashewa idan abu ya yi nisa. SAS kuwa tana haɗa amsa-kuwwa masu yawa da ta tara tana tafiya, kwamfuta ta ɗinke su kamar an yi amfani da doguwar eriya guda. Sakamakon shi ne hoton da ke bambance abu mai 'yan santimitoci, kuma kaifinsa ɗaya ne a kusa da nesa, har mita 150 ko fiye a kowane gefe. Mu sake lissafi: gudun kilomita 7 a awa, faɗin mita 300, ya ba da kusan murabba'in kilomita 2 a awa. Ninki shida ke nan na ƙaramar, da hoto mafi kyau. Ribar ta biyu ta fi ta farko: abubuwan da a da za a ce a je a duba, yanzu daga hoton ake gane taya ce ko dutse.

SAS tana da sharaɗi. Tana son tafiya madaidaiciya ba tangaɗi, kuma a ruwa mara zurfi sauti yana bugun sama da ƙasa ya dawo ta hanyoyi da yawa ya rage mata nisan gani. Wanda ruwansa bai wuce mita 15 ba, ba zai ci moriyar abin da ya biya ba.

Batun nakiyar da aka binne fa? Sauti mai tsini, wanda ke ba da hoto mai kyau, ba ya shiga cikin laka. Don haka Amurka ta gina Knifefish a kan na'urar Bluefin-21, da sona mai kaurin murya da ke ratsa ƙasa kaɗan. Wannan fanni ne mai wuya, kuma duk ɗan kasuwar da ya ce maka na'urarsa tana ganin duk abin da ke binne, ka nemi ya gwada a ruwanka kana kallo.

Wahalar babbar AUV tana saman ruwa, ba ƙasa ba. Kilo 240 zuwa tan guda ko fiye ba a ɗaga shi da hannu. Ana buƙatar jirgi mai ƙugiya ko gangara ta musamman, kuma ɗauko ta lokacin da teku ke tashi shi ne inda ake fasa kaya, ake jikkata ma'aikata. Kuɗinta miliyoyin daloli ne kowace guda, kafin a zo kan jirgin da zai ɗauke ta da kwamfutocin da za su sarrafa tulin bayananta.

Zaɓi na 3: sona da ake ja

A nan sonar tana cikin wani jiki mai kama da kifi, ana jan sa da waya. Mai jan yana iya zama jirgi mai saukar ungulu, kamar yadda MH-53E ta Amurka ke jan AN/AQS-24, ko kuma, abin da ya fi yaɗuwa yanzu, kwale-kwale mara matuƙi. AN/AQS-20 da KATFISH ta kamfanin Kraken na Kanada suna cikin wannan aji, haka tsarin haɗin gwiwar Faransa da Birtaniya wanda kamfanin Thales ke jagoranta.

Fifikonta biyu ne, kuma manya ne. Wayar da ke jan ta tana kai mata wuta, don haka babu batun batir. Wayar kuma tana dawo da hoto nan take, a tura shi ta rediyo zuwa ga masu dubawa. Gudunta ya ninka na AUV sau biyu ko fiye. Idan tambayar ita ce yaushe za a buɗe hanyar shiga tasha, wannan ce amsa mafi sauri.

Sai dai tana bayyane, duk wanda ke bakin gaɓa yana ganinta, kuma rediyon da take dogara da shi ana iya toshe shi. Raƙuman ruwa suna girgiza kwale-kwalen su girgiza hoton. Juyawa da doguwar waya yana son fili, don haka a lungunan tasha ba ta da amfani. Tsarin gaba ɗaya, da kwale-kwale da injin naɗe waya da tashar sarrafawa, ya fi AUV guda tsada, kuma sassan da za su iya lalacewa sun fi yawa.

Zaɓi na 4: jirgin farautar nakiya na gargajiya

Kada a raina shi. Jirage irin su Tripartite na Faransa da Beljiyam da Holan, Hunt da Sandown na Birtaniya, da Avenger na Amurka, an gina su da robar gilashi ko katako don kada nakiya ta ji maganaɗisunsu, an kuma rage ƙarar injinansu. Jirgin yana da sona a ƙasansa, yana da na'urar nutso mai igiya, yana da masu nutso. Ya ga abu, ya tsaya, ya aika kyamara, ya lalata, ya ci gaba. Mataki huɗu a zama ɗaya, kuma hanyar da ya bari a bayansa an gama da ita. Babu wani zaɓi da ke yin haka shi kaɗai.

Farashin wannan cikar shi ne mutum 35 zuwa 80 suna zaune a cikin filin nakiya. A Wonsan ta Koriya, ranar 12 ga Oktoba, 1950, jiragen share nakiya biyu na Amurka, Pirate da Pledge, suka nutse cikin 'yan mintoci a filin da aka dasa wa nakiyoyi kusan 3,000. Kaya sun inganta tun lokacin, amma tushen haɗarin bai canja ba. Jirgin kuma ba shi da sauri, isa wurin aiki mai nisa kan ɗauki makonni, wani lokaci ma siyasa ta hana shi isa: jirage biyu na ajin Sandown da Birtaniya ta ba Yukiren, Turkiyya ba ta bar su sun ratsa mashiginta ba saboda yarjejeniyar Montreux, wadda ke tsara wucewar jiragen yaƙi ta mashigin zuwa Bahar Aswad. Na'urar da ke shiga akwati ba ta da wannan matsala.

Manyan rundunoni sun riga sun nuna inda suka dosa. A 2019 Beljiyam da Holan suka ba da kwangilar jirage 12, shida-shida, a kan kusan yuro biliyan 2. Jiragen uwaye ne da ke tsayawa a wajen fili, su aika AUV da kwale-kwale marasa matuƙa ciki. Tsofaffin jiragen farauta da ake sayarwa na hannu suna da araha a ranar saye, amma injinansu da sonarsu na shekarun 1980 ne, kayan gyaransu suna ƙarewa.

Zaɓi na 5: masu nutso

A matsayin hanyar bincike mai faɗi, masu nutso su ne mafi jinkiri kuma mafi haɗari. Zurfi yana taƙaita lokacinsu, sanyi da duhu suna gajiyar da su. Amma babu rundunar da ta sallame su, domin ƙarƙashin jirgin da ke tsaye, tsakanin ginshiƙan gada, da wurin karyewar raƙuman ruwa, har yanzu na mutum ne. Haka idan ana son a ɗauko nakiya da ranta don a san wanda ya ƙera ta da yadda aka saita ta. Kayansu ba su da tsada idan aka kwatanta, horonsu ne ke cin shekaru. Sojan ruwan Amurka suna kuma da dabbobin dolfin da suke horarwa a San Diyego, waɗanda suka yi aiki a Umm Kasar kuma suna iya gano abin da ke binne, sai dai wannan ba kayan sayarwa ba ne.

Kwatanci a dunƙule

| Hanya | Kuɗin saye | Faɗin bincike | Haɗari ga mutane | Sauƙin aiki | Babban rauni |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙaramar AUV | Ɗaruruwan dubban daloli | Kaɗan | Ƙarami | Mutum 3 ko 4 da kwale-kwale | Kuskuren wuri, jiran bayanai |
| Babbar AUV mai SAS | Miliyoyin daloli | Mai yawa | Ƙarami | Sai da jirgi da ƙwararru | Jefawa da ɗaukowa |
| Sona da ake ja | Miliyoyi masu yawa | Mafi yawa a awa | Ƙarami idan babu matuƙi | Tsari mai sassa da yawa | Raƙuman ruwa, toshe rediyo |
| Jirgin farauta | Gommai zuwa ɗaruruwan miliyoyi | Matsakaici | Babba | Runduna guda ta musamman | Mutane a cikin fili |
| Masu nutso | Kaɗan, horo ne mai tsada | Ƙanƙani | Mafi girma | Shekaru na horo | Zurfi da gajiya |

Abin da teburin bai nuna ba

Kowace AUV da aka ambata, yawanci a mataki na biyu take tsayawa. Bayan ta nuna wuri, dole wani abu ya koma. Yawanci ƙaramar na'ura ce mai siririyar wayar gilashi, irin SeaFox ta Jamus ko K-STER ta Faransa: a tuƙa ta zuwa wurin, a gani da kyamara, idan nakiya ce ta fashe tare da ita. Kowace fashewa na'ura guda ce ta tafi. Kasafin da ya sayi AUV bai sayi wannan ko masu nutso ba, ya sayi taswirar matsala ne kawai.

Na biyu, mutanen da ke karanta hoton sona. Manhajojin gane nakiya da kansu sun ci gaba, suna taimakawa wajen tace tulin bayanai, amma sun fi ƙwarewa a irin ƙasan da aka horar da su a kai. Kai su wani ruwa, sai su riƙa ihu a kan kowane dutse ko su yi shiru a kan abin da ya kamata. Mai karatu guda da ya shekara biyar yana kallon ruwanku ya fi sabuwar manhaja daraja, kuma idan aka yi masa canjin wurin aiki, ƙwarewar ta tafi da shi. A tambayi kamfani tun farko: bayanan da na'urar ta tara na wa ne, kuma za a iya buɗe su da wata manhaja?

Na uku, ƙananan abubuwa masu tsayar da aiki. Baturan litiyam suna da dokokin sufuri masu tsauri kuma suna iya kamawa da wuta. Na'urar lissafin motsi mai inganci tana buƙatar izinin fitarwa daga ƙasar da ta ƙera ta. Babban gyara sau da yawa sai an mayar da ita masana'anta. Wanda ke da guda ɗaya tal, watanni zai yi ba shi da ko ɗaya.

Na huɗu shi ne wanda na fi so a riƙe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amfanin AUV mafi girma yana lokacin zaman lafiya: a bi hanyoyin shiga tasha a ɗauki hotonsu, a rubuta kowane dutse da kowace ganga, a maimaita lokaci-lokaci. Ranar da aka yi zargin an dasa wani abu, ba neman allura cikin ruwa za a yi ba, za a ɗora sabon hoto a kan tsoho a duba abin da ya ƙaru. Aikin makonni yana iya komawa na kwanaki. Ƙasashen Tekun Baltik, inda dubban nakiyoyin yaƙe-yaƙen duniya biyu suke kwance har yau, sun daɗe da wannan ɗabi'a, kuma atisayensu na shekara-shekara, Open Spirit, nakiyoyin gaske yake fitarwa.

Akwai kuma wurin da farauta ba ta yiwuwa sam, inda taɓo ya yi kauri ko tarkace suka yi yawa. Ƙa'idar masu aikin ita ce a yi farauta inda za ta yiwu, shara kuma sai ta zama tilas. Shara ita ce a ja na'urar da ke kwaikwayon maganaɗisu da ƙarar jirgi don nakiya ta fashe a banza. Ba ta ba da tabbaci irin na farauta, saboda nakiya mai ƙirga jirage tana iya yin shiru, amma a irin wannan ƙasa babu AUV da za ta maye gurbinta.

Wanne ya dace da wa

Idan abin da kake karewa tasha ɗaya ce ko biyu, ruwan bai kai mita 60 ba, kuɗi kuma ƙayyadadde ne, ka ɗauki ƙananan AUV biyu ko uku, ka biya ƙarin kuɗin kayan sanin wuri, ka haɗa da rukunin masu nutso da na'ura mai igiya. Ka fara ɗaukar hoton hanyoyinka a watan da kayan suka iso.

Idan kana da doguwar gaɓa, ruwa mai zurfi, ko bututu da wayoyi a ƙasan teku, babbar AUV mai SAS ce, da sharaɗin kana da jirgin da zai iya jefa ta ya ɗauko ta cikin aminci. Idan babu jirgin, shi za a fara nema.

Idan kowace rana ta rufewar hanya asara ce mai girma, hanyar kuma doguwa ce madaidaiciya, sona da kwale-kwale mara matuƙi ke ja ta fi dacewa, da ƙaramar AUV a gefe don lungunan da waya ba ta shiga.

Idan aikin na kusa da gaɓar abokin gaba ne, inda ba a son a san an zo, AUV ce kaɗai ke shiga ta fito ba a gani ba.

Idan kana da jiragen farauta masu sauran ƙarfi, kada ka yi gaggawar yar da su. Ka ɗora musu AUV ta riƙa shiga gaba, jirgin ya biyo baya ya gama aikin a wuraren da aka riga aka sani.

Idan nakiyoyi masu yawo a sama ne matsalar, kamar wadda ta sa Turkiyya da Romaniya da Bulgeriya suka kafa rundunar haɗin gwiwa a Janairun 2024, AUV mai kallon ƙasa ba za ta taimaka sosai ba. Jiragen sama marasa matuƙa, kyamarori da masu tsaro a kan jirage ake buƙata.

Idan kuma kamfani ne mai aiki ɗaya, kamar duba hanyar bututu kafin a fara tono, haya ta fi saye. A ɗauki kamfanin binciken teku mai na'urarsa da ma'aikatansa, a sa a yarjejeniya cewa za a haɗa da na'urar auna maganaɗisu saboda abin da ke binne, a kuma shirya tun farko da sojan ruwan ƙasar da ruwan yake hannunta, domin su ne za su lalata duk abin da aka gano.